Kiwon Ruwa

Bara na yi gaggawa.
Ran da na sayo akwatin gilashi a Katako,
ran nan na cika shi da ruwan famfo,
ran nan na zuba kifi bakwai, jajaye kamar tattasai.
Kwana uku suka yi suna haki a saman ruwa.
Tsahara ce ta binne su a gindin mangwaro,
ba ta ce mini komai ba,
gwamma da ta yi kuka da kururuwa.

Bana na nufi Gamkalle wurin Alzuma,
mai gyaran rediyo, mai kifaye a bayan shago.
Ya ce: Sabon ruwa ba gida ba ne, kango ne.
Kashin kifi dafi ne ga kifi,
sai in akwai masu cinye shi,
su kuwa ido ba ya ganin su.
Ya tsoma hannu cikin matatarsa,
ya yago mini guntun soso, baƙi, mai ƙarni.
Ka ga yadda ake ɗiga tsohon nono a madara ta kwana?
To ga naka. Kar ka wanke, kar ya bushe.
Tafi, kar ka tsaya gaisuwa.

Na rungumo shi cikin leda a taksi,
matar da ke gefena ta toshe hanci har Bukoki.

Ruwa ya kwana biyu a bokiti, warin jabel ya fita.
Yashi na wanke sau tara.
Duwatsu uku daga bakin gulbi, na dafa su kamar doya.
Na kunna inji, kumfa ta soma hawa.
Kowace safiya ina barbaɗa abinci, ɗan tsunkule,
ga kifin da babu shi,
ya nutse, ya kwanta, ya shiga ruɓewa.

Lawali tela ya leƙo ta taga:
Wasu na kiwon tumaki, wasu tantabaru,
kai ruwa kake kiwo?
Ran layya sai ka yanka mana kofi guda.

Kwana shida, ruwan ya yi fari kamar farau-farau.
Har na ɗauko bokiti.
Alzuma ta waya: Ajiye.
Masu gida ne ke tarewa.

Wani dare wuta ta ɗauke, zafi kamar a tanda,
inji ya yi shiru.
Na ɗauko ludayin Barira, ina kamfata ina zubawa,
ina kamfata ina zubawa,
don kada numfashi ya yanke wa waɗanda ban taɓa gani ba.
Daga kan tabarma ta ce:
Ko da Tsahara ke jinjira ba ka yi wannan raino ba.
Ban amsa ba. Gaskiya ba ta da daɗin amsawa.

Ɗigon magani cikin ƴar kwalba, a girgiza, a jira.
Tsahara ke rubutawa a bayan littafin lissafi:
Talata, kore. Talata, kore. Talata, ya soma kodewa.
Da na farko ya koma ruwan ɗorawa
sai na biyu ya rine, ya yi duhu kamar ɗinya.
Dafi ya haifi dafi, in ji Alzuma,
shi ma da mai cin sa, yana hanya.
Baba, yau ne?
Ba yau ba.
Baba, yau ne?
Daga baya ta bar tambaya.

Ran kwana talatin da takwas
kwalba ɗaya ɗorawa, ɗaya shuɗin sama bayan ruwa.
Na canza rabin ruwan, na sa hula,
na ce mata: Tashi, mu je mu zaɓo, biyu kawai tukuna.

Tana durƙushe, hancinta manne da gilashi.
Ashe wata ƴar katantanwa, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
ta biyo soson Alzuma,
mako biyu ke nan tana hawan dutse na tsakiya,
ni ban sani ba, ita ta sani,
har ta raɗa mata suna.

Ta ce: Bari ta kai sama, Baba.
Na cire hula na zauna.
Kumfa na ta hawa.